Shanun Huɗa da Kuɗin Fansa: Sake Karanta Shaihu Umar da Ƙarshen Alewa Ƙasa Daga Katsina

Mazaunin birnin Katsina ba ya bukatar jarida ta gaya masa halin da ƙauyukan yammacin jihar suke ciki. Labarin da ƙafarsa yake shigowa ta Ƙofar 'Yandaka da Ƙofar Guga, a motocin Batsari da na Jibiya, da tabarmi da tukwane da yara. Yana nan a kangayen bayan gari, inda iyali biyu ko uku suke raba ɗakunan da ba su da ƙyaure. Yana bakin masallatai ranar Juma'a, inda mutumin da a da yake fitar da zakkar dami ya koma miƙa hannu kansa a sunkuye.

Tambayar da ta shafi masu adabi ita ce, ina waɗannan mutane a cikin ƙagaggun labaranmu? Ba wai ba a rubutu a kan 'yan bindiga ba ne. Ana yi, a gajerun labarai na gasa da dogayen labaran da ake sakawa kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad. Sai dai mafi yawan abin da ake rubutawa yana tsayawa ne a daren da aka kawo hari. Ana nuna harbi da gudu da kuka, daga nan labari ya tattara ya koma birni. Abin da ke biyo bayan wannan dare, wato yadda gida yake narkewa a hankali, saniya bayan saniya, gona bayan gona, shi ne aka bari. A ganina nan ne labarin yake, domin a ƙauye rai da dukiya igiya ɗaya ta ɗaure su. Don in nuna haka zan koma ga tsofaffin littattafai biyu da suka taɓo wannan matsala tun kafin ta iso mu, in duba abin da kowannensu ya gani da abin da ya tsallake.

Ƙauyen da muka gada a littafi

Adabinmu na zamani ya ba ƙauye fuska biyu. Ta farko ita ce ta baƙauye abin dariya, wanda ɗan birni ke yi wa wayo a tasha. Tatsuniyoyi sun san shi, wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin ya san shi, finafinan barkwanci na zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro sun ci kasuwa da shi. Ta biyu ita ce ta ƙauye mafaka, wurin da ɗan da birni ya lalata yake komawa ya tuba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, shi ne babban misali. Saurayi ya raina noma, ya tafi birni neman abin duniya, ya faɗa cikin miyagun abokai, ya ga ta kansa. Darasin a fili yake: zauna gida ka yi noma, birni ne wurin haɗari.

Yau wane marubuci zai iya kallon saurayin Batsari ko Safana ko Ɗanmusa ko Faskari ya ba shi wannan shawara ba tare da ya ji kunya ba? Haɗarin ya sauya mazauni. Gonar da aka ce ya koma mata ita ce wurin da ake ɗaukar mutum da fartanya a hannu. Wannan ba laifin Ɗangambo ba ne, zamaninsa ya rubuta. Laifin namu ne idan muka ci gaba da ɗaukar hoton zamaninsa tamkar haka ƙauye yake tun fil azal.

Tarihi bai ce haka ba. Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunan ta ƙare a Maraɗi, kuma kusan duk tsawon ƙarnin nan hare-hare ba su yanke tsakanin ɓangarorin biyu ba. Dazuzzukan da ke arewa da yamma da Katsina, har da wannan dajin Rugu da muke jin sunansa a labarai, su ne hanyar mahara. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Katsina daga Gazawa a farkon 1851, ya ba da labarin fargabar da ayari ke shiga kafin ya ratsa dajin da ke tsakanin garuruwan biyu. A ƙasar Zazzau kuwa, Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta faɗi yadda mutanen ƙauye ke gudu zuwa gari mai ganuwa in an ji mahara, da yadda dangi ke tara wuri su fanso waɗanda aka kama. Ta ce akwai matar da har cikin da ke jikinta sai da aka yi masa kuɗi.

Ashe ƙauyen da mutum zai kwana a ƙofar gida, shanunsa a turke babu mai gadi, ba daɗaɗɗen abu ba ne. Ɗan ƙarni na ashirin ne. Kakanninmu sun san kishiyarsa, mu ma mun dawo mun san ta. Shi ya sa littafin da aka rubuta a kan zamanin bauta ya fi kusa da mu yau fiye da waɗanda aka rubuta shekara arba'in bayansa.

Shaihu Umar: gidan da aka wawashe

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933. A shekarar da ya gama ne Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Shaihu Umar. Da yawanmu a makaranta muka karanta Shaihu Umar, aka ce mana jigonsa shi ne bauta da haƙuri da ƙaddara, muka haddace muka amsa jarrabawa. Wanda ya sake buɗe shi yanzu, daga Katsina, zai ga wani abu dabam.

Abu na farko shi ne yadda Umar ya fara labarin kansa. Kafin ya kai ga wata musiba, sai da ya lissafa gadon da mahaifinsa ya bari ya rasu yana ciki: shanu da tumaki da goɗiya. Ɓalewa ya san cewa mai karatu ba zai ji zafin hasara ba sai ya san abin da ake da shi tun farko. Haka kuma da aka yi wa Makau, mijin uwar Umar, ƙazafi a fada aka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da aka kamo, hukuncin bai tsaya ga kora ba. Sai da aka wawashe gidansa. Daga wannan wawaso ne komai ya warware. Makau ya tafi neman wurin zama har ya dangana da Maƙarfi, uwar ta tafi Fatika wajen iyayenta ta bar yaron a hannun wata, ɓarawon mutane ya samu ƙofa. Da gidan bai rushe ba da yaron bai ɓata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma marubucin ya nuna mana tsagewar bangon kafin ya nuna ƙadangaren.

Abu na biyu ya fi nauyi. Makau mutumin kirki ne a cikin labarin, mai riƙon amana, mai tausayin matarsa da agolansa. Amma sana'arsa fa? Hari yake zuwa. Shi ma ya kamo 'ya'yan wasu a ƙasar Gwari, ya raba su da iyayensu kamar yadda za a raba Umar da tasa uwar. A gida ɗaya Ɓalewa ya zaunar da mai kai hari da wanda za a sace, suna cin tuwo kwano ɗaya. Wannan gaskiya ce da marubutan yau ke kauce mata. Duk mutumin karkara ya san cewa da ɗan gari akan ci gari. Ya san kalmar infoma ta shigo bakin tsofaffin da ba su taɓa zama a aji ba. Ya san mai kai wa daji mai da burodi da katin waya ba daga sama ya faɗo ba, wani lokaci maƙwabci ne, wani lokaci ɗan ɗakinsu ne.

Abu na uku ita ce uwar. Sunan Umar ke kan littafin, amma tafiyar da ta fi ciwo tata ce. Shi an sayar da shi ga Balarabe Abdulkarim, ya riƙe shi kamar ɗa, ya kai shi ƙasar Masar, ya yi karatu ya zama malami. Ita kuwa da ta fita nemansa sai aka yaudare ta aka sayar, ta ratsa hamada tana baiwa, ba ta sadu da shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Duk wanda ya ga hotunan iyayen da suka yi dafifi a ƙofar makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara bayan daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe yara fiye da 300, ya ga wannan uwa. Adamu Halilu da ya mai da littafin fim a 1976 bai san cewa 'yan wasansa suna kwaikwayon abin da ke tafe ba ne.

To ina littafin ya gaza? Ya gaza ne wajen tuhuma. Umar dattijo ne mai natsuwa da ke ba almajiransa labari, komai ya wuce, komai ya zama hukuncin Allah. Sarkin da ya tura harin ba a tambaye shi ba. Kasuwar da ake sayar da mutane ba a tambaye ta ba. Mutanen ƙauyukan da aka kai wa hari ba su da suna ko ɗaya, adadi ne kawai da ake gardama a kansa a fada. Imani da ƙaddara gaskiya ne kuma shi ke riƙe da zukatan mutanenmu a yau, amma a hannun marubuci yakan zama mayafin da ake lulluɓe mai laifi da shi. Ɓalewa ya rubuta a kan abin da yake ganin ya wuce ba zai dawo ba, don haka yana da uzurin yin sanyi. Mai rubutu a kan Batsari a yau ba shi da wannan uzuri.

Ƙarshen Alewa Ƙasa: mutumin da ke riƙe da bindiga

Kusan shekara hamsin bayan Shaihu Umar, wani matashi ɗan Katsina, Bature Gagare, ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda shi kuma ya tona harkar fasa-ƙwauri da cin hanci. Abin lura ne cewa Katsinawa biyu, a gasa ɗaya, ɗaya ya rubuta a kan haramtattun kaya da ke ƙetare iyaka, ɗaya a kan bindiga a hannun wanda ba hukuma ba. Haɗa biyun ka ga hoton da muke ciki.

Tauraron Gagare shi ne Mailoma, ɗan wani ƙauyen Maguzawa mai suna Tsaunin Gwano, wanda ya zama shugaban gungun 'yan ta'adda masu harka da makamai da miyagun ƙwayoyi. Labarin ya ginu ne a kan Nijeriyar bayan yaƙin basasa, lokacin da aka sallami sojoji da yawa, ga iya harbi ga rashin abin yi. A lokacin da ya fito wasu sun ɗauke shi kamar fim ɗin Turawa da aka sa wa rigar Hausa, suna ganin ina Bahaushe ina irin wannan ta'asa. Yau babu mai faɗin haka.

Abin da Gagare ya gani, wanda Kitsen Rogo bai gani ba, shi ne cewa ɗan ƙauyen da ya lalace ba dole ne ya dawo gida da tuba ba. Yana iya dawowa da bindiga. Ya kuma gane cewa ta'addanci sana'a ce mai jari da ma'aikata da abokan hulɗa a birni, ba haukan mutum ɗaya ba. Sannan ya zaɓi tauraronsa daga cikin mutanen da aka daɗe ana yi wa kallon raini, ya tilasta mai karatu ya tambayi kansa abin da raini da wariya ke haifarwa in sun daɗe. Wannan tambaya tana nan da ranta. Ba a fahimtar abin da ya faru a kewayen dajin Rugu sai an ambaci burtalin da aka nome, da makiyayar da aka yanka gonaki, da Fulanin da su aka fara kore wa shanu, da waɗanda 'yan sa-kai suka kashe a kasuwanni ba tare da shari'a ba. Ambaton wannan ba wanke mai kisa ba ne. Mutanen Tsauwa da Ɗankar da aka kashe a Fabrairun 2020, da na Kadisau a watan Yuni na shekarar, ba su nome burtalin kowa da zai sa a ƙone su ba. Amma labarin da ya mai da ƙabila guda dodo ya yi ƙarya, kuma ƙarya ce mai jawo jini.

Raunin littafin Gagare yana cikin ƙarfinsa. Mailoma ya cika fage har ya rufe kowa. Mai karatu na iya tsanar aikinsa amma yana jiran ya ga dabarar da zai yi gaba. Wannan tsohuwar cuta ce a fasaharmu, domin mun daɗe muna sha'awar ɓarawo mai wayo da ƙarfin hali, tun daga tatsuniyoyin Gizo har waƙoƙin Gambu. Yau da 'yan bindiga ke fitowa a TikTok suna baje kuɗi, yara na bin su suna yabawa, ya kamata marubuci ya yi hattara da wannan sha'awa.

Sai kuma batun ƙarshe. Sunan littafin karin magana ne da ke alƙawarin cewa mugu zai faɗi, kuma mai karatu yana rufe littafi da kwanciyar hankali. Rayuwa ta ba mu irin wannan ƙarshe sau da yawa ba ta ba mu kwanciyar hankalin ba. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021, ya koma daji, aka kashe shi a rikicin 'yan daji a ƙarshen Afrilun shekarar. Alewa ta faɗi ƙasa. Shin manomin Ƙanƙara ya samu barci? Mutuwar mugu tana rufe littafi, amma ba ta dawo da gonar da aka sayar.

Abin da ake rubutawa yanzu

Wanda ke bibiyar labaran da matasa ke sakawa a waya zai ga hanyoyi uku da ake bi da wannan batu, kuma dukansu suna da gyara.

Ta farko ita ce mai da hari ƙofar shiga soyayya. A babi na ɗaya an kashe iyayen yarinya a ƙauye, a babi na uku wata hajiya ta ɗauko ta aikatau, a babi na goma ɗan hajiya ya dawo daga Ingila ya gan ta. Ƙauyen ya gama aikinsa tun shafi na biyar, ba za a sake jin sunansa ba. Ba a san gonarsu nawa ba, ba a san wa ya gaje ta ba, ba a san ko ƙannenta na raye ba. An kashe gari guda don a samar wa tauraruwa maraici.

Ta biyu ita ce wa'azi. Labari ya tsaya cik, wani malami ko dattijo ya miƙe ya yi shafi uku yana bayanin cewa zunubanmu ne suka jawo, mu koma ga Allah. Komawa ga Allah wajibi ne, amma mumbari ya fi iya wannan aiki. Abin da labari ya iya wanda huɗuba ba ta iya ba shi ne ya zaunar da kai a cikin zauren da ake karo-karon kuɗin fansa, ka ji wanda ya ba da dubu biyu da wanda ya ce ba shi da ko sisi alhali kowa ya san ya sayar da wake jiya.

Ta uku ita ce baje jini. Ana zayyana yanka da fyaɗe dalla-dalla, ana ganin hakan ne faɗin gaskiya. Mutanen da ke ganin hotunan gawarwaki a Facebook kullum jini ya daina girgiza su. Tsohuwar da ke share turken da babu dabba a cikinsa, don hannunta ya saba, ta fi gawa goma tsayawa a zuciya.

Lissafin da ba a rubuta ba

Ga abin da nake nufi da cewa rai da dukiya igiya ɗaya ta ɗaure su. An ɗauki matar manomi da 'yarsa. Bayan kwana biyu aka kira, aka faɗi kuɗin da bai taɓa gani ba, aka ce a haɗo da mashin sabo da katin waya. Sai a fara ciniki kamar ana sayen akuya, a kan matar da ya zauna da ita shekara ashirin. Ya fara da awaki da tumaki. Ya fasa rumbu ya sayar da abincin shekara. Daga nan sai shanun huɗa, waɗanda su ne ƙarfin gonarsa, su ne motarsa in ya ɗaura musu amalanke, su ne abin da yake yi wa wasu huɗa da su ya samu kuɗin taki. In bai isa ba sai gona, jingina ko sayarwa. Kowa a kasuwa ya san dalilin sayarwar da gaggawarta, don haka farashi ya faɗi. Wa ya saya? Wataƙila wani mai kuɗi daga birni, wataƙila ɗan'uwansa da suka daɗe suna rigimar iyaka. Matar ta dawo, an yi barka, an yi sadaka. Damina ta faɗi, mutumin da yake ɗaukar 'yan ƙwadago ya zama ɗan ƙwadago a gonar da ubansa ya bar masa. Ita kuma matar tana kallonsa ta san kuɗinta nawa, kishiyarta ma ta sani, 'ya'yan kishiyar da gadonsu ya tafi su ma sun sani. Wane gida ne zai zauna daidai bayan wannan? Ga labari mai babi arba'in, babu harbi ko ɗaya a cikinsa bayan babi na farko.

Akwai kuma yadda arziki ya koma abin tsoro. A da mutum in ya samu yakan sa kwano a ɗaki, ya sayi mashin, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki na gani na faɗa. Yanzu a wurare da yawa mai shi ɓoyewa yake, don kada labari ya kai daji. Akwai garuruwan da aka aza wa kuɗi kafin su yi shuka ko kafin su kwashe amfanin gona, da waɗanda aka tilasta wa yin noma a gonakin 'yan bindiga. Mai garin da ke bi gida-gida yana tara wannan kuɗi, mene ne shi? Maci amana ne ko mai ceton rayuka? In ya ƙi a ƙone garin, in ya yi hukuma ta ce yana haɗa baki. Sarauta ma ba ta zama garkuwa ba, tunda har gida aka bi Hakimin 'Yantumaki, Alhaji Abubakar Atiku Maidabino, aka kashe shi a tsakiyar 2020. Adabin Hausa bai taɓa samun tauraro mai nauyin wannan mai gari ba, kuma yana nan yana jiran mai rubuta shi.

Hatta matakan gwamnati kayan aikin marubuci ne. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da dabbobi a manyan kasuwannin yankin, ta hana sayar da mai a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka yi watanni a haka. An yi ne don a toshe wa 'yan daji hanya. Amma ka ɗauki mutumin da aka ba wa'adin kwana bakwai, ga sa a hannu babu kasuwar da zai kai shi, ga waya babu sabis da zai roƙi ƙarin lokaci. Ka ɗauki saurayin da ya shiga rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, wanda aka tura ya tsare garin da aka kashe ubansa, kuma ya san gidan wanda ya nuna hanya. Ka ɗauki zaman sulhu, irin wanda aka yi a 2019 da waɗanda aka sake yi a ƙananan hukumomi daban-daban a 2025, inda mutum ke zaune a tabarma ɗaya da wanda ya kore masa shanu, ya ga har bindigar tana rataye a kafaɗarsa, a ce su yi musabaha. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, haka ne, amma nawa aka saye shi, kuma wa ya biya?

Uzurin marubuta

Za a ce faɗa da baki ya fi sauƙi. Gaskiya ne, akwai tsoro. A 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta ci tarar gidan talabijin na Trust naira miliyan 5 saboda shirin da ya yi a kan 'yan bindiga, a daidai lokacin da gwamnati ke kumfar baki a kan wani shirin BBC mai kama da shi. In an yi wa manyan gidaje haka, ina ga yarinyar da ke rubutu a waya daga Dutsin-ma ko Funtuwa? Sai dai a nan ne ƙagaggen labari ya fi rahoto dama. Ba ya bukatar sunan kowa. Gagare ƙirƙiro Tsaunin Gwano ya yi, kuma ya faɗi gaskiyar da ta wuce shekara arba'in ba ta tsufa ba.

Za a kuma ce masu karatu sun gaji da baƙin ciki, nishaɗi suke nema. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda ya ce a daina rubuta soyayya. Ai a cikin wannan hali ma ana aure, ana haihuwa, ana raha a bakin rijiya, kuma labarin da ya manta da haka shi ma bai cika ba. Amma a tuna cewa labarin da ya lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a shekararta ta farko, 2016, shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Masu karatu ba sa gudun labari mai ciwo in an iya ba da shi.

Babban cikas a ganina shi ne nisa. Yawancin masu rubutu 'yan birni ne, ƙauye a wurinsu wurin zuwa ne da Sallah, yanzu ma an daina zuwa. Ba su san bambancin noman farko da maimai ba, ba su san dami nawa ke cika rumbu ba, ba su san abin da rasa sa ɗaya cikin biyu ke yi wa garma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma masu ɗakin sun zo, suna cikin Katsina da Jibiya da Batsari da Maraɗi, a gidajen 'yan'uwa da kangaye. Mary Smith baƙuwa ce daga wata ƙasa, ta zauna ta saurari tsohuwa ɗaya har aka samu littafin da ake karantawa bayan shekara saba'in. Mu da muke jin harshen ba tafinta, kuma ɗalibanmu na sashen Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran makarantu suke neman abin da za su yi nazari a kai kowace shekara, uzurinmu kaɗan ne.

Kammalawa

Shaihu Umar ya ba mu wanda aka sace da uwar da ta bi sawunsa. Ƙarshen Alewa Ƙasa ya ba mu mai bindiga da abin da ya ƙera shi. Saura mutum na uku, wanda ba a sace ba kuma bai ɗauki makami ba, wanda ya tsaya a gida ya sayar da abin da ya mallaka ya biya, sannan ya tashi da asuba ya nemi aron fartanya. Yawancin mutanen karkarar Katsina shi ne su. Duk mai niyyar rubuta shi ya yi koyi da Ɓalewa a abu ɗaya: kafin mashina su iso, ya zagaya da mu gidan, ya nuna mana turke da rumbu da gona, ya faɗa mana sunan kowane sa. In ya yi haka, ba sai ya roƙi mai karatu ya yi kuka ba.